Abin Jefarwa da Abin Riƙewa

Manomin Tumbutu da ke kai albasa kasuwar Malanbil ya sani sarai kaya ke kashe gudun mota. Duk da haka tunaninsa kullum shi ne inda zai cusa ƙarin buhu ɗaya. Mai tseren mota kuwa, nasa tunanin shi ne inda zai rage kilo ɗaya.

A Turai da Amurka akwai masu tsere don sha'awa kawai, ba kamfanin da ke bayansu. Mutum yakan sayi tsohuwar mota, irin waɗanda aka daɗe ana saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ba shi da kuɗin sabon inji, sai ya shiga tuɓe ta. Ya fid da kujerun baya, da shimfiɗar ƙasa, da rediyo, da safaya taya. Ko tanki ba ya cikawa sai gwargwadon tafiyar, gama lita 4 ta fetur ta kai kilo 3. Mota marar nauyi tana saurin tashi, birki yana saurin kama ta, tayoyinta kuma suna jimawa.

Amma fa akwai doka. An kasa motoci aji aji, kowane aji da nauyin da ba a sauka ƙasa da shi, bayan tsere kuma a kan ɗora mota bisa sikeli. Wanda ya rage ya wuce kima dole ya ɗaure dalma a ƙasan motar, ya cike giɓin. Akwai kuma abubuwan da ba a taɓawa ko kaɗan: kejin ƙarfe da ke kewaye da direba, da ɗamarar kujera, da tukunyar kashe gobara. Keji nauyi gare shi, amma ran da mota ta kife, shi ke mai da mutum wurin iyalinsa. Wanda ya yanke shi, garin neman gira zai rasa ido.

Ko manya ba su tsira daga sikeli ba. A 2024 George Russell ya zo na ɗaya a tseren Beljiyam. Da aka auna motarsa sai aka tarar ta gaza kilo 798 da kilo 1.5 kacal. Nan take aka karɓe nasarar, aka ba Lewis Hamilton.

Shi ya sa mai hankali ba ya kai motarsa bakin iyaka. Yakan bar kilo biyu ko uku a sama, domin taya tana cinyewa a hanya, mai yana ƙonewa. Gara ya zo na biyu da mota mai cikakken awo, da ya zo na ɗaya sikeli ya ƙaryata shi gaban jama'a.