Yini Ɗaya a Birnin Kudu: Yadda Nake Tsara Fita da Yara

'Yan uwana iyaye mata, da yawa cikin yaranmu sun san hoton dogon benen Dubai a waya, amma ba su taɓa jin cewa akwai zanen mutanen dā a jikin duwatsun Birnin Kudu ba. Ni haifaffiyar can ce, aure ya kawo ni Kano. Wannan ne ya sa na shiga sana'ar shirya fita ta yini ɗaya, ga makarantu da ƙungiyoyin mata, wani lokacin kuma ga masu kamfanonin tafiye-tafiye da suka saba da Umara kaɗai, suke son su gwada wani abu na gida. Duk wanda ya zo wurina, abu ɗaya nake fara gaya masa: ba yawan wurare ke sa tafiya ta yi daɗi ba. Tafiyar yini ɗaya da jikin yaro mafi ƙanƙanta a motar ake auna ta.

Masu kamfani sukan zo da takarda cike da sunaye: duwatsu, kwaleji, fada, Gwaram, kasuwar Sara, duk kafin magariba. A takarda abin sha'awa ne. Amma duk uwa ta san yaron da ya kwana da ɗoki, ya tashi da asuba, ya hau dutse da hantsi, da azahar ya gama yawo. Abin da ya biyo baya rigima ce da barci a cinya. Shi ya sa nake zaɓar wuri ɗaya ya zama uwar tafiya, sauran su zama rakiya.

Uwar tafiyar kuwa duwatsun ne. Akwai Dutsen Mesa, akwai Dutsen Habude, akwai Dutsen Murufu, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A ƙarƙashin inuwar duwatsun za ki ga zanen shanu da jan launi. Abin da ke kama hankalin yara shi ne shanun ba su da tozo. Yaron da ya saba ganin bunaji a hannun Fulani zai tsaya ya ce, "Umma, ina tozon?" Daga wannan tambaya darasi ya fara, domin alama ce cewa irin shanun da aka yi kiwo a nan a wancan zamani ba su ne na yau ba. Sannan ga duwatsun kiɗa, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse suke amo kamar kuge. A 1955 ne wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarinsu har duniya ta san da su. Mu kam tun kafin nan kakanninmu sun san su, har ma akwai al'adar da ta haɗa su da hidimar 'yan mata gab da aure.

Tunda hawan dutse ne, rana ce ke yanke mana lokaci. Daga Kano muna tashi da zarar gari ya waye, bayan kowa ya yi sallah ya karya. Mu bi ta Wudil, mu wuce Kwanar Huguma, cikin kamar awa biyu mun isa in hanya ta yi kyau. Ina so ƙarfe tara ta same mu a gindin dutse, sha ɗaya kuma mun sauko, kafin dutsen ya ɗauki zafi ya fara ƙona tafin ƙafa. Watannin da na fi so daga Nuwamba ne zuwa Janairu. Da damina dutse na santsi, ciyawa ta rufe hanya. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, ko kyauta aka ce in kai yara ba zan karɓa ba.

Mako guda kafin ranar nakan je da kaina, ko in tura ƙanina. A sanar da ma'aikatan da ke kula da wurin don su ba mu mai zagayawa da mu. A kai gaisuwa gidan hakimi, domin ba a shiga gari da mota cike da baƙi ba sallama. A duba masallacin da za a yi azahar, a tabbata akwai ɓangaren mata da ruwa. Sai abin da masu kamfani maza suka fi mantawa da shi: bayan gida. Mace mai goyo da yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba za su faɗa ba, sai dai su ƙi shan ruwa duk yini, su dawo gida da ciwon kai. Don haka nakan roƙi wani gida na 'yan uwa a cikin gari ya zama masaukinmu. Nan za a kama ruwa, nan za a ci abinci, nan masu goyo za su miƙe ƙafa.

Abinci daga gida muke tafiya da shi a kula, dafa-duka ko dambu, abin da ba ya saurin lalacewa. Ruwa kuwa nakan ninka abin da aka ƙiyasta. Kowace babba tana riƙe da yara biyar, ta san sunayensu, ta ƙirga su a hawa, ta ƙirga su a sauka. Ba silifas, ba doguwar rigar da ke jan ƙasa. Kowace uwa ta rubuto min ko ɗanta na da asma ko sikila. Garin na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kuma direba sai ya san hanyarta kafin mu tashi. Ba fata ake yi ba, amma rigakafi ya fi magani.

Tun a mota nake kafa wa yara doka: zanen ba a taɓa shi, ba a watsa masa ruwa don hoto ya fito, ba a rubuta suna da gawayi a gefensa. Abin da ya jure rana da iska tsawon zamanai, hannun yaro mai maiƙo na iya dusar da shi.

Bayan azahar sai rakiya. Mukan bi ta ƙofar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, in gaya wa yara cewa Aliko Ɗangote nan ya yi sakandare. Za ki ga idon 'yan maza ya buɗe, wai ashe mai kuɗin Afirka a wannan garin ya ɗauki akwatin makaranta.

Gwaram fa? Ina son Gwaram, can dangin mahaifiyata suke, dab da iyakar Bauchi. Amma in daga Kano aka taso da ƙananan yara, ba na haɗa ta da Birnin Kudu a yini ɗaya, domin dare zai yi mana a hanya. Gwaram tafiyar manya ce, ko ta waɗanda suka taso daga Dutse. Ita ma sai a daidaita ta da ranar da kasuwar Sara ke ci, mata su sayi hatsi da kayan miya a hannun manoma, kowa ta koma gida da tsaraba. Wani mai kamfani ya taɓa ce min, "Hajiya, in aka cire Gwaram ai kuɗin kujera zai ragu." Na ce masa, "Alhaji, uwar da ka dawo mata da ɗanta lafiya kafin magariba, ita za ta kawo maka ƙawayenta goma."

La'asar tana yi muna kan hanya. Wannan ƙa'ida ba na sassauta ta ko wa ya roƙa, ko da hira ta yi daɗi a masauki.

Ba sai kin jira kamfani ba, 'yar uwa. Gida uku ko huɗu za ku iya haɗa kuɗin bas ɗaya a hutun Disamba, da izinin iyayen yara, namiji ɗaya ko biyu su raka ku. In kuma makarantar ɗanki ce ta aiko da takardar fita, kafin ki sa hannu ki tambaya: ƙarfe nawa za a dawo, ina za a yi sallah, wa ke riƙe da ɗana? Wanda ya shirya da gaske ba zai yi inda-inda ba.

Allah ya tsare mana su a gida da hanya, ya sa abin da suka gani ya amfane su.