Asabar Da Lahadi A Ƙasar Masara

Iyaye da dama sun tambaye mu yadda wata ɗalibarmu ta yi zamanta a Amurka, da abin da idonta ya gani a can. Ta tafi ne cikin shirin musayar ɗalibai da a ke kira YES, wanda gwamnatin Amurka ta fara a 2003. Ta wannan hanya yara da yawa daga jihohin Arewa, Kirista da Musulmi, suka yi shekarar karatu guda a Jihar Ayowa, kowa a gidan da aka karɓe shi kyauta. Zancen makaranta ba za mu taɓa shi yau ba. Abin da ya fi cika wasiƙunta shi ne tafiye-tafiyen Asabar da Lahadi, ita a bayan mota, mai gida da uwar gida a gaba. Sun ce ta riƙa kiransu da sunansu, bakinta ya kasa. Baba da Mama ta ke ce musu har ta dawo, mu kuwa ba mu ga laifinta ba.

Kafin ta tashi, ƙannenta sun ce ta ƙirga musu benaye. Ashe ƙasar manoma za ta. Ayowa tana tsakiyar Amurka, Kogin Misisifi a gabas, Kogin Misuri a yamma. Mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai, aladunta kuwa sun wuce miliyan 20, kuma babu jihar da ta kai ta noman masara. Fitarsu ta fari, cikin Agusta, nunin amfanin gona ne a Di Moyin, babban birnin jihar. A nan ta ga saniya sukutum da aka sassaƙa da man shanu, tana tsaye cikin ɗakin sanyi. Tun 1911 a ke yin wannan. Ta ce tunanin da ta yi ta yi shi ne tukwanen miya nawa man nan zai gyara.

Tafiyar da ta fi tsaya mata a rai ta Oktoba ce, lokacin kaka, da suka je gonar ƙanen Baba. Hanyoyin karkara a miƙe su ke kamar an ja su da igiya, bayan kowace mil sai wata ta gitta. Hagu masara, dama waken soya, har iyakar ganin ido. A gonar aka hau da ita injin girbi. Shi ke karya masarar, shi ke ɓarewa, shi ke casawa, sa'an nan ya zuba tsabar cikin wata mota da ke tafiya a gefensa, ba tare da ya tsaya ba. Mutum biyu ne kawai, uba da ɗansa, a kan ɗaruruwan eka. Ba gayya, ba ganga, ba mata masu kawo kunu da rana. Ta roƙa a ba ta zangarniya ɗaya ta gasa, manomin ya yi dariya ya ce wannan ba ta ci ba ce. Ta dabbobi ce, da ta man da a ke gauraya da fetur. Wadda mutane ke ci daban ce, kuma kaɗan ce ƙwarai.

Da yamma Baba ya bi da su ta ƙauyen da aka haife shi. Ya nuna mata makarantarsa, an rufe ta, yaran da suka rage bas ce ke kwasarsu zuwa wani gari. Kantuna a kulle, majami'ar da a dā ba ta ɗaukar jama'a yanzu sai 'yan tsofaffi. Lissafin gwamnati ya goyi bayan abin da ta gani. A 1950 gonakin Ayowa sun fi 200,000, amma a 2022 ba su kai 90,000 ba. Ƙasar ba ta ragu sosai ba, maƙwabci ne ya saye gonar maƙwabci, 'ya'yan wanda ya sayar suka shiga birni. Mu nan kullum kukanmu a kawo mana tarakta, kuma wanda ya taɓa duƙawa da fartanya daga safe zuwa azahar ba zai ce kukan banza ba ne. Amma da muka karanta wannan wasiƙa a aji, wani yaro ya ce, "Malam, to sauran mutanen ƙauyen me za su yi?" Mun fi rabin awa a kan tambayar nan, darasin ranar bai yiwu ba.

Bayan mako biyu sai ga su a Kalona, inda mutanen da a ke kira Amish suka zauna tun 1846. Su ba su tuƙa mota, keken doki su ke hawa, ba su kuma jan wutar lantarki zuwa gida. Ko tarakta, sai mai ƙafar ƙarfe, wadda ba ta da daɗin shiga gari. Gonakinsu ƙanana ne, gidajensu cike da yara, mata kuwa da kallabi. Ta ce a nan ne kaɗai ta ji kamar tana kusa da gida. Mama ta hana ta ɗaukar hotonsu, don ba su so.

Da sanyi ya kankama tafiya ta ragu. Sau ɗaya dai cikin Janairu sun je Dubuk, bakin Misisifi. Kogin ya daskare, masunta suna huda ƙanƙara suna zura ƙugiya, gaggafa kuwa sun taru a gindin madatsa, inda ruwa bai daskare ba, suna surar kifi. Minti goma ta yi a waje ta koma mota.

Wata Asabar kuma a Di Moyin suka shiga zauren Kyautar Abinci ta Duniya. Norman Borlaug ne ya kafa kyautar a 1986, ɗan manoman Ayowa, wanda ya sami lambar Nobel a 1970 saboda sabon irin alkama. Cikin waɗanda aka ba akwai Akinwumi Adesina na Nijeriya, a 2017, da Gebisa Ejeta na Habasha, a 2009, saboda irin dawa mai jure fari da ƙuduji. Baba, duk da jikan manoma ne, bai taɓa jin labarin ƙuduji ba. Sai ta shiga yi masa bayanin yadda ya ke kama saiwar dawa yana tsotsa tun bai fito ba, da yadda furensa mai kyau ke sa manomi baƙin ciki. Tun daga zauren har gida shi ke tambaya, ita ke amsawa.

Cikin Mayu, gab da dawowarta, sun koma gonar ƙanen Baba ganin shuka. Ta ce a ƙulla mata iri kaɗan ta kai wa mahaifinta. Manomin ya ce, "'Yata, ba zai yi masa amfani ba. Irin aure ne, mu kanmu kowace shekara sabo mu ke saya, kuma don sanyinmu da tsawon ranarmu aka yi shi." Ga shi kuma ma'aikatan kwastan ba su barin iri ya ƙetare iyaka sai da takarda. Sai ya tsaya kusa da rumbunsa na ƙarfe, wanda ya fi bene hawa biyu tsawo, ta ɗauki hotonsa. Ya ce ta aiko masa da hoton rumbun mahaifinta, da na ƙudujin nan kuma, yana so ya gani.