Tsibin Ɓuntu a Kura: Dukiyar da Muke Ƙonawa

'Yar uwa, idan kin taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya, kin wuce ta Kura. Gonakin shinkafa ne hagu da dama, damina da rani, albarkacin ruwan madatsar Tiga da ake korowa ta magudanai. Wata rana ki sauka ki shiga layin injinan casa. Za ki tarar da mata suna turara shanshera a manyan tukwane, samari suna shanya ta a kan tamfol, ƙarar inji ta cika kunne. Sai ki leƙa bayan injinan. Can ne ɓuntu yake jibge tsibi-tsibi, wani tsibin yana ta hayaƙi.

Wannan ɓuntun da muke ɗauka shara, akwai dukiya a cikinsa. Tun shinkafa tana gona take zuƙo wani sinadari daga ƙasa mai suna silika, ta tara shi a ɓawonta don kariya daga ƙwari. Shi ne sinadarin da ke cikin yashi, wanda ake yin gilashi da shi. Shi ya sa ɓuntu yake da kaushi, ba ya saurin ruɓewa, tokarsa kuma take fitar da baƙin tukunya.

Ga lissafin: shanshera kilo 100 tana ba da ɓuntu wajen kilo 20. In an ƙona shi, za a sami toka kamar kilo 4, kuma mafi yawanta silika ce.

Masana ba sa cinna masa wuta haka kawai. Da farko sai a wanke shi, a dafa shi cikin ruwan asid mara ƙarfi don ya cire gishirin ƙarfe irin su fotashiyam da ke baƙanta toka. A ɗauraye, a busar, sannan a gasa shi a tanderu mai zafin digiri 600 zuwa 700 na wasu sa'o'i. Abin da zai rage gari ne fari fat. Irin wannan garin ana zuba shi a siminti don ƙarin ƙarfi, kamfanin taya na Goodyear kuma yana sa shi a tayoyinsa. 'Yar ƙunshin nan mai tsotse danshi da kike gani a kwalin sabon takalmi, ita ma silika ce.

To amma uwar gida, ga inda abin ya shafe mu. Tsibin ɓuntu yakan ci wuta ta ciki kwana da kwanaki, samansa kuwa lafiya lau. Yaro ya hau yana wasa, ƙafa ta nutse cikin garwashi. In kuma wutar ta yi tsanani fiye da kima, silikar takan rikiɗe ta zama mai cutar da huhu idan ana yawan shaƙar ƙurarta. Don haka ki hana yara hawan tsibin, ki yayyafa wa toka ruwa kafin shara. Maganar asid kuwa aikin ɗakin gwaji ne, kada a gwada a tsakar gida.

Na bar Kura ina tunanin 'ya'yanmu masu karatun kimiyya. Ga kayan aiki jibge a ƙofar gida, saura masu sarrafa shi. In 'yarki ta ce darasin sinadarai ya yi mata wuya, ki ɗebo ɓuntu a tafin hannu ki ba ta wannan labarin.

Ku a garinku, me ake yi da ɓuntu?