Ƙaton da muke turawa gola

Lokacin da muke ƙaramar sakandare a Makera, akwai wani ɗan ajinmu da ya fi kowa jiki. Buhu muke ce masa. In an zo raba 'yan wasa da la'asar shi ake ɗauka a ƙarshe, kuma kullum gola muke tura shi, wai ya cike raga. In aka ci mu, laifinsa ne. Tun yana dariya har ya daina zuwa fili.

Shi muka tuna kwanan baya a ɗakin kwananmu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da wani abokinmu ya nuna mana ƙwallon Amurka a waya. Wasan ya fi kama da zari-ruga. Kowane ɓangare mutum 11 ne, kuma kafin a taɓa ƙwallo sai wasu ƙarti su durƙusa su fuskanci juna, kamar 'yan kokawa na jiran kiɗa. Su ne 'yan sahun gaba. Na masu kai hari katanga suke yi wa mai jefa ƙwallo, na masu tsaro kuma su fasa katangar su kayar da shi. Wani sai a tashi wasa bai taɓa ƙwallon ba, amma in babu shi ba a zuwa ko'ina.

Cikin irin waɗannan ƙarti akwai ɗan Najeriya, Amobi Okoye, haifaffen Anambra a 1987. Yana shekara 12 iyalinsu suka koma Huntsville a jihar Alabama, bai san komai game da wasan ba. Abin da ya fara ba mutane mamaki shi ne kansa, ba ƙirjinsa ba. Jarrabawa ta sa aka tsallakar da shi aji, ya shiga Jami'ar Louisville yana shekara 16, ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, ya gama cikin shekara uku da rabi yana kuma buga wasa. A 2007 ƙungiyar Houston Texans ta zaɓe shi na goma cikin sababbin 'yan wasan gasar NFL. Shekararsa 19, nauyinsa ya haura kilo 130. Mu da muke ashirin muna fama da aji biyu, sai muka kalli juna muka yi shiru.

Bayan shekara huɗu a Houston ya koma Chicago Bears. A 2013 kumburin ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya shafe kusan wata uku bai san inda kansa yake ba. Ya tashi, Dallas Cowboys ta ɗauke shi a 2014, amma bai sake buga wasa a gasar ba.

Ba cewa muke da an kai ɗan ajinmu Amurka da ya zama Okoye ba. Abin da ke damunmu shi ne, shekara uku muna zaune da shi, jikinsa kawai muka gani. Sai yanzu muke tuna shi ke warware mana lissafi ranar da malami bai zo ba. Daga aji uku ya bar makaranta, babu wanda ya bi shi gida ya tambayi dalili.

Ranar Laraba mun gan shi a kasuwar Dutsin-Ma yana sauke masara daga mota. Muka gaisa, kuma karon farko muka kira shi da sunansa na yanka. Sai da ya ɗan tsaya kafin ya amsa.