Shago a intanet: makulli a hannun wa yake kwana?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kama rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ya san tambayoyi uku da ake yi kafin a zuba haja: wurin na wane ne, yaushe ake biyan haya, kuma a hannun wa makulli zai kwana. Abin mamaki shi ne, mutanen nan da ba a iya cutarsu a kan rumfar kwano, su ne ke sakin jiki in maganar shafin intanet ta taso, su miƙa wa yaro komi da komi, wai su ba su san kan na'ura ba.

A da suna da hujja. Lokacin da shafin farko ya bayyana ga duniya a 1991, daga cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, kowane shafi da hannu ake ɗinka shi cikin rubutun HTML, ko farashi guda za a canza sai an nemo gwani. Amma wannan zamani ya wuce. A 2001 Drupal ta fito daga Beljiyam, SPIP kuma daga Faransa. WordPress ta biyo baya a 2003, Joomla a 2005. Dukansu manhajojin tafiyar da shafi ne, kuma kyauta ake ɗaukarsu. Yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke. Hikimarsu ita ce raba kaya da ado: rubutu yana ajiye a rumbun bayanai, kamannin shafi kuma riga ce da ake iya tuɓewa a sa wata, ba tare da kalma ɗaya ta ɓata ba. Wanda ya iya buga wasiƙa a kwamfuta ya iya sabunta shafinsa.

Sai dai manhaja kaɗai ce kyauta. Sunan shafi haya ne, galibi shekara-shekara ake biya, haka ma wurin da ake ajiye shi. A nan ne wani magatakardan ƙungiyar masu albasa a jihar Tawa ya ga ta kansa. Ɗan maƙwabcinsa, yaro mai hazaƙa da ladabi, shi ya gina musu shafi, da hotunan albasar Galmi da lambobin waya, har masu saye daga Abijan da Akara suka fara tuntuɓa. Aka buga adireshin a kan takardun ƙungiya. Bayan ƴan watanni yaron ya samu aiki a Kwatano, ya canza lamba. Da shekara ta zagayo, saƙonnin tunin biyan haya suka yi ta shiga akwatin wasiƙarsa, domin da sunansa aka yi rajista. Wata safiya shafin ya ɓace. Yaron bai ci amanar kowa ba. Magatakardan ne, wanda ba ya barin buhu ɗaya ya fita sito ba a rubuta ba, bai taɓa tambayar da sunan wa aka kama rumfar ba. Kafin a gano yaron, wa'adin fansar sunan ya ƙare, sai da aka kama wani suna, aka sake buga takardu.

A ma'aikatu ciwon ya sha bamban, amma tushensa ɗaya. Ana buɗe shafi da buki, a ba ma'aikaci guda kalmar sirri, ran da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita a kansa. Shafin ya tsaya cik, da tsohuwar sanarwa da hoton shugaban da ya daɗe da barin kujera, talaka kuma ya karanta ya ɗauka gaskiya ce, ya yi asarar kuɗin mota. Alhali manhajojin nan sun tanadi matakan iko irin waɗanda ma'aikaci ya saba da su. A SPIP marubuci yana gabatar da rubutu, mai kula da shafi ne ke fitar da shi. A WordPress akwai wanda aka yarje wa rubutu kawai, akwai edita mai dubawa ya wallafa, akwai kuma mai babban makulli. Tafiyar takarda ke nan daga teburin sakatare zuwa sa hannun darakta.

Saboda haka mai son shafi ba ya bukatar zama gwanin na'ura. Ya isa ya tsaya a kan cewa rajistar suna da ta wurin ajiya su kasance da sunan kamfani ko ma'aikata, da akwatin wasiƙar da ba na mutum ɗaya ba. Babban makulli ya zamana mutum biyu ne ke riƙe da shi. A rubuta ranar biyan haya inda ake rubuta ranar biyan haraji. A riƙa sabunta manhaja da ƴan ƙare-ƙaren da aka liƙa mata, domin ta tsofaffinsu ne ɓarayin intanet suka fi shigowa, a kuma ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam. Yaro mai gini a biya shi haƙƙinsa cikakke, ran da ya gama kuma ya miƙa makulli a gaban shaidu, kamar yadda magini ke yi in ya gama gida.