Tatsuniya Tana da Ƙurunƙus, Jita-jita Ba Ta da Shi

A wannan wata muna so mu tattauna da ku a kan wani al'amari da ya daɗe yana kai-komo tsakaninmu, mu malaman makaranta, da iyayen yara a nan Libreville, watau labaran ban tsoro da waƙoƙin mutuwa da 'ya'yanmu suke rubutawa a bayan littattafansu. Duk malamin da ya saba gyaran insha'i ya san abin da muke nufi. Ka ce wa yaro ya rubuta yadda ya yi hutu, da ƙyar zai kawo maka layi biyar, amma in ka juya ƙarshen littafin sai ka tarar da shafi uku cur a kan fatalwa, ko mayya, ko wata mota marar direba mai kwasar yara a bakin hanya. Iyaye da yawa in sun gani hankalinsu yakan tashi. Wani ya yage takardar, wani ya kai yaron a yi masa rubutun sha, wani kuwa ya zo lakwal ya ce mu ne muke cusa musu. Mu dai ra'ayinmu shi ne a bar yaran nan su rubuta, kuma ga dalilanmu.

Da farko, mu kanmu da irin wannan aka rene mu. Ko wanda aka haifa a Oyem ko Bitam, ko wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ko Garwa, kowa ya zauna gaban kaka bayan sallar lisha ya ji yadda Dodo ya haɗiye gari sukutum, da yadda budurwa mai ruwan ido ta ƙi samarin garinsu ta auri aljani, da wahalar da marainiya ta sha a hannun kishiyar uwa. Mukan ji tsoro har mu ƙi fita fitsari. Amma tatsuniya tana da ƙa'ida. Ba a yin ta da rana, ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", sa'an nan a rufe ta da "ƙurunƙus". Da zarar tsohuwa ta faɗi wannan kalma, yaro ya san an mayar da Dodo inda aka ɗauko shi, sai ya juya ya yi barcinsa.

Haka nan manyan marubutanmu ba su guje wa baƙin ciki ba. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labari ne na yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙetare hamada, ba su sadu ba sai tana gab da cikawa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Wanda duk ya taɓa sauraron almajirai suna rera Infiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya ya san yadda ambaton mutuwa da kabari yake sa tsigar jiki ta tashi. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa su ma haka. André Raponda-Walker ya tattara tatsuniyoyin ƙabilun Gabon ya buga, Justine Mintsa kuma a littafinta Histoire d'Awu na shekarar 2000 ta bayyana irin uƙubar da akan ɗora wa matar da mijinta ya mutu. Ashe ke nan yaranmu gado suka yi ta fuska biyu.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne abin da yaran suke ɗauke da shi a zuci. Mu Hausawa mutane ne masu kara da kawaici. In an yi rasuwa, manya su zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowa ya shigo ya ce "sai haƙuri". Yaro kuwa akan tura shi gidan maƙwabta, in ya tambaya a ce masa "baba ya yi tafiya". Ga mu kuma a baƙon wuri, inda yawancin mutuwarmu ta waya take zuwa. Kaka ta rasu a Zinder ko Katsina, an binne ta tun kafin mu gama salati, yaro bai ga likkafani ba, bai san inda kabarinta yake ba. Wata ɗaliba tamu ta rubuta waƙa a kan wayar mahaifiyarta da take yin ƙara kullum da asuba, in an ɗauka sai a ji muryar kakarta tana tambaya ko yara sun karya kumallo. Wannan ba aikin aljanu ba ne, kewa ce ta rasa ƙofar fita.

Bayan nutsewar jirgin ruwan Esther Miracle a daren 9 ga Maris 2023, a hanyarsa daga Libreville zuwa Port-Gentil, inda mutane wajen 30 suka rasa rayukansu, dukanmu mun ga yadda dangi suka yi kwanaki suna zaman jira a Port-Môle. Yara ma sun gani, ko da ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. A makonnin da suka biyo baya, teku ta cika littattafansu. Wani yaro ɗan shekara goma sha uku ya rubuta labarin jirgin da yake isowa gaɓa kowane dare ba fitila ba ƙara, fasinjoji su sauko tufafinsu jiƙe sharkaf, suna tambayar masu gadi hanyar gida. Da muka tambaye shi yadda labarin zai ƙare, sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, sai an kira sunan kowa sa'an nan za su daina zuwa." Wane babba ne a cikinmu zai faɗi abin da ya fi wannan?

Dalili na uku shi ne, tsoron da aka hana shi takarda yakan koma titi. Ba mu ce fargabar iyaye ba ta da tushe ba. Kisan tsafi abu ne da ya faru a ƙasar nan. A watan Maris 2005 aka tsinci gawar ɗan Jean-Elvis Ebang Ondo tare da ta abokinsa a bakin tekun Libreville, abin da ya sa uban ya kafa ƙungiyar yaƙi da irin wannan kisa, kuma a watan Mayu 2013 jama'a suka yi babban jerin gwano a kan haka. Amma mu tuna da Janairun 2020. Wani yaro ɗan shekara uku ya ɓace a wani ƙauye kusa da Bitam, kafin a ce kwabo wayoyi sun cika da labaran satar yara, kowa yana cewa ƙanwar maƙwabcinsa ce ta gani da idonta. Iyaye suka ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu, aka tare hanyoyi, aka far wa mutane bisa zato kawai, har mutum biyu suka mutu sakamakon dukan taron jama'a. Abin da mutanen gari suke kira kongosa shi ma labarin tsoro ne, sai dai ba shi da mafari, ba a san mai shi ba, kuma ba wanda yake ce masa ƙurunƙus. A irin wannan rana kuwa baƙo ne ya fi kowa shiga haɗari, kuma 'yan'uwanmu masu rumfa a kasuwar Mont-Bouët ba sa bukatar a tuna musu.

Yaron da ya taɓa zama ya ƙirƙiro fatalwa da alƙalaminsa ya san yadda ake harhaɗa labari, ya san inda ake ƙara gishiri. Saboda haka in aka turo masa wani a waya, zai fi saurin tambayar wa ya faɗa, a ina, yaushe. Wannan ilmi ne da ba ya cikin manhaja, amma yana iya ceton rai.

Don haka muna roƙon iyaye abu uku. Na ɗaya, in kun ga irin wannan rubutu kada ku yage, ku ce wa yaron ya karanta muku, sa'an nan ku tambaye shi wa yake tunawa. Na biyu, ku kafa masa ƙa'idar da muke kafawa a aji: ba a sa sunan rayayyen mutum a matsayin maye ko mai bindigar dare, ko da wasa, kuma kowane labari dole ya sami ƙarshe. Na uku, in kun ga yaro ya daina cin abinci, ko yana firgita cikin barci dare bayan dare, ko ya janye daga abokansa, to abin ya wuce takarda, a haɗa addu'a da ganin likita. Ga masu ganin kamar bayyana baƙin ciki rashin tawakkali ne, sai mu tuna cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Hausawa sun ce ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana zuriya, Ya kuma tsare bakinmu daga yaɗa abin da ba mu gani ba, amin. Sai wani watan in Allah Ya kai mu.