Ai Na Famfara Ne, Za Su Zube

Na daɗe ina karanta rubutun mutane a nan ban taɓa sa baki ba sai wannan makon. Abin da zan faɗa a gidana ya faru, kuma da hannuna a ciki.

Wani dare cikin sanyin bara, wajen ƙarfe 2, kukan Ummi ya tashe mu. Shekararta 4 a lokacin. Ta dafe kunci tana birgima a kan katifa, ko taɓa ta ba ta yarda a yi. Na ba ta maganin zazzaɓi, babanta ya yi mata tofi, ta ɗan lafa, kafin asuba ta sake tashi. Da gari ya waye kumatun hagu ya kumbura har idon ya ƙanƙance. Na haska bakinta da fitilar waya, sai ga turmi ɗaya na ƙasa ya zama baƙin kogo, dasashin gefensa ya yi ƙurji.

Gaskiya ba ranar na fara ganin alamar ba. Tun tana shekara 2 da rabi na lura da wani farin layi kamar alli a gindin haƙoranta na gaba na sama. A hankali ya koma ruwan ƙasa, daga baya haƙoran suka fara gutsurewa. Na nuna wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta yi dariya ta ce, "Cin zuma ne, ubanta ma haka ya yi. Ai na famfara ne, za su zube wasu su fito." Maganar ta yi mini daɗi, domin ta sauke mini nauyi. Ban sake tada zancen ba.

A asibiti mun yi layi tun safe, sai bayan azahar muka ga likitar haƙori. Ta duba bakin, ta yi mini tambaya uku. Me Ummi ke sha kafin ta kwanta? Wa ke goge mata baki? Sau nawa zaƙi ke shiga bakinta a yini? Ta ƙarshen na amsa da sauri na ce ni ba na ba ta alewa sosai. Ta ce, "Maman Ummi, ban ce ke ba. Ki koma gida ki ƙirga."

Kafin mu fito ta yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ta ce babu wata tsutsa a cikin haƙori kamar yadda muke cewa. Wasu ƙwayoyin cuta ne ke manne a jikinsa, idan suka samu sukari sai su fitar da wani tsami mai cin bayan haƙorin. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, tsamin nan kan yi kamar rabin awa yana aiki kafin yawu ya wanke shi ya fara gyaran ɓarnar. Saboda haka yaron da ya cinye alewa 5 a zama ɗaya bayan abinci ya fi sauƙi a kan wanda ake ba shi ɗaiɗai tun safe har dare, domin shi wannan bakinsa ba ya samun hutu. Da dare kuma yawu yana raguwa, abin da aka kwana da shi a baki shi ya fi ɓarna.

Sannan ta taɓo maganar famfara. Haƙoran yarinta 20 ne. Na gaba kan fara zubewa wajen shekara 6 zuwa 7, amma turame sukan zauna har shekara 10 zuwa 12. Wato turmin Ummi da ya ruɓe yana da sauran aikin shekara 6 ko fiye a gabansa. Shi ke riƙe wa babban haƙori wurin fitowa, kuma ƙurjin da ke gindinsa yana iya taɓa wanda ke kwance a ƙarƙashi. Ta rubuta magani, ta ce mu dawo idan kumburin ya saɓe, cire shi za a yi.

Da Ummi ta samu sauƙi, ranar Asabar da ba ni da makaranta, na ɗauki biro da takarda na yi shiru ina kallo. Mu a gidan yawa muke zaune. Da safe ta shiga gaida Hajiya, aka zuba mata shayi mai kauri da sukari. Ummi sunan Hajiya ta ci, ba ta shiga ɗakin ta fito hannu banza. Da hantsi Alhaji ya fito zai tafi kasuwa, ya ce ina amaryarsa, ya laluba aljihu ya miƙa mata minti. Na aiki yayanta shago, mai shago ya ce babu canji ya haɗo shi da alewa biyu, ya raba da ita. Ƙanin babanta ya shigo da lemon kwali. Maƙwabciyarmu mai yin tuwon madara ta ba ta na ɗanɗano. Ta bi yayanta islamiyya, aka yi sadakar biskit. Wata baƙuwa ta zo gaida Hajiya ta ba ta cingam. Bayan isha babanta ya dawo da tsarabar yogot mai zaƙi. Na taran ni ce, da kofin madara mai sukari da nake ba ta don ta yi barci da wuri.

Hannu tara a yini ɗaya. Na duba takardar nan sama da ƙasa ban ga maƙiyin Ummi ko ɗaya ba. Kowa a ciki so ne ya sa shi, kuma kowa gani yake ɗan abu kaɗan ya bayar.

Nawa laifin ya fi na kowa daɗewa. Da na yaye ta ina fita aiki da sassafe, kukan dare ya ishe ni, sai na riƙa cika fida da madara da sukari ina sa mata a baki har barci ya ɗauke ta. Mun fi shekara a haka. Abin da ya cinye haƙoran gaba ke nan. Goge baki kuwa, na sayo mata buroshi mai kyau na miƙa mata, ita kuma ta tsotse makilin ta aje, ni ina can ina haɗa abin kari. Babanta aswaki ba ya barin aljihunsa, duk salla sai ya goga, amma bai taɓa leƙa bakin 'yarsa ba, domin a wajensa wannan aikin mata ne. Likitar ta kuma ce ƙwayoyin cutar ana iya ɗauka daga yawun babba. Na tuna yadda nake tauna mata nama tana ƙarama, da yadda muke ɗanɗana koko da cokalinta, alhali ni kaina ina da kogon da ban taɓa kai wa likita ba.

Sanin matsalar bai yi mini wuya kamar faɗarta ba. Da wane baki suruka za ta dubi uwar mijinta ta ce kada ki ba takwararki shayi? Ko ta tare Alhaji a zaure ta ce ya mayar da mintinsa aljihu? A wajenmu hana yaro karɓar kyautar babba ya fi kama da raini. Kuma a tsadar nan da ake ciki, alewa ce kyautar da kowa ke iya yi wa yaro. Kaka da ba ta da kuɗin sayen riga tana da na biskit. Amma da kunci ya kumbura, 'yan dubiya ba su tambayi kowa ba sai ni. Na ji da kunnena wata tana cewa matan yanzu aiki ya hana su kula da 'ya'ya. Na shiga ɗaki na yi kuka, domin akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ke nan ba.

Daga baya na karanta cewa rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ke da ruɓewar haƙoran yarinta. Na ce ashe gidaje irin namu suna da yawa.

Dabarar da ta fisshe ni ba tawa ba ce, ta maigidan ce. Na nuna masa takardar, ya daɗe yana kallon sunansa a layi na takwas. Ranar da za a cire haƙorin ya ce wa Hajiya shi ba zai iya gani ba, ta taimaka ta raka mu. Ita ta riƙe Ummi a cinya, ni na riƙe ƙafafu. An yi allurar kashe zafi, duk da haka yarinya ta yi ihu tana kiran Hajiya ta cece ta. Da aka gama, Hajiya da kanta ta tambayi likita me ya kawo wannan. Likita ta maimaita mata abin da ta faɗa mini, cikin ladabi, tana ce mata Mama. Ta ƙara da cewa zuma ma sukari ce a wajen haƙori. A cikin adaidaita sahu har muka iso gida Hajiya ba ta ce uffan ba, tana dai shafa kan Ummi.

Washegari ta wanke wani tsohon gwangwanin madara ta aje a kan kabad ɗinta. Ta tara mutanen gida ta ce daga yau duk mai son ba takwararta alewa ya kawo nan, ita za ta bayar bayan abincin rana. Ba a hana kowa kyauta ba, ba a ci fuskar kowa ba. Abin da da ni na faɗa zai zama rigima, ita ta faɗe shi ya zama doka. Shayin safe ma ta rage masa sukari, ta ce dama likitanta ya daɗe yana yi mata faɗa.

Ni kuma na daina madarar dare, bayan goge baki sai ruwa. Mun sha kuka na kusan mako ɗaya. Yanzu ni ko babanta muke goge mata, safe da dare, da makilin mai sinadarin fuloraid daidai ƙwayar wake, ta tofar ba tare da kuskure baki ba. Likita ta ce babba ya ci gaba da taya yaro har wajen shekara 7. Ƙaninta mai wata 11 yana da haƙori 4, shi ma ana goge masa da makilin daidai ƙwayar shinkafa, kuma bai san fidar dare ba. Duk wata nakan ɗaga leɓensa na sama in duba ko farin layin nan ya fito, domin an ce a wannan matakin ana iya tsayar da shi.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Alhaji ya koma kawo ayaba da lemon ɓawo, amma nakan tsinci takardar minti a aljihun rigar Ummi, in na tambaya ta ce sirrinsu ne da angonta. A makarantarsu duk mai bikin zagayowar haihuwa sai ya raba ledar alewa. Ranar Sallah kuwa gwangwani ba ya aiki. An cike mata turame biyu, na gaba huɗu an ce ba su gyaruwa, su ma an cire. Kuɗin da muka kashe ya fi na buroshi da makilin na shekaru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yanzu in za a ɗauke ta hoto sai ta sa hannu ta rufe baki, domin yara suna kiranta mai giɓi tun kafin sa'anninta su fara famfara.

'Yan uwa, duk mai ƙaramin yaro a gida ya gwada abin da na yi. Yini ɗaya kawai, biro da takarda, a rubuta duk hannun da ya miƙa masa zaƙi, har da naka. In an ƙirga, sai a nemi wanda ake jin maganarsa a gidan a fara da shi. Masu zama da surukai kuma ina son jin yadda kuka ɓullo wa naku, domin na san ba kowa ke dace da irin Hajiyata ba.

Allah ya raya mana su, ya ba su lafiya, ya saka wa iyayenmu da alheri.